Itacen Gawo a Motar Baba Tsoho

Na tokare motar da bayana, ƙafafuna na nutsewa cikin rairayi, ita kuwa sai matsowa take kaɗan-kaɗan. Kirik ɗin da na ɗaga tayar baya da shi ya karkace. Ƙasa da mu kwari ne da ruwan damina ya haƙa, kan hanyar Droum. Kakata Iya kuma tana ciki, ta ƙi fita saboda gwiwoyinta.

"Angona, motar tafiya take ko idona ne?"

"Zauna dai, tsohuwa!"

Wallahi na sa ta a P, giyar tsayawa, kafin in kashe. Birkin hannu kam ya mutu tun ina ɗan makaranta, kafin in bar lakwal. Da na waiga sai na ga tayar nan da ta yi faci, tana sama, tana juyawa ita kaɗai, baibai. Na san wannan juyin.

Motar ta kakana ce, Baba Tsoho, Allah ya jiƙansa. Otomatik ce ta da, doguwa, cikinta warin fata da gyaɗa. Muna yara a Birni, duk inda ya tsaya sai ya fito da wani guntun itacen gawo ya cusa ƙarƙashin taya. Mu yi ta dariya. Wata rana bayan kaka, zangarniya shanye a tsakar gida, ya ɗaga bayan motar duka, ya sa P, ya ce in murza taya ɗaya. Na murza gaba, ta can ta tafi baya. Ƙanwata ta ruga tana ihun aljanu.

Ya ce, "Ba aljani. P ɗan haƙori ne guda cikin buwat, akwatin giya, sandar tsakiya yake riƙewa. Haƙoran cikin pon, tsakanin tayoyin baya, su ke raba musu juyi, don kwana. In ɗaya ta bar ƙasa, ɗayar ta samu hanya."

Ni lokacin hankalina na wajen ƙwallo. Ka ji fa, sai yau maganar ta iso ni, mota na danne mini baya.

"Iya! Sandarki! Duba ƙasa wajen direba, abin takawa biyu ne. Danna mai faɗin da sandar, shi ne birki!"

"Wanne ne mai faɗi? Ni ban gani."

"Na hagu, Iya, don Allah!"

Na ji tana nishi tana salati, kirik na ƙara. Sai nauyin ya tsaya cak.

"Kar ki saki!"

"To yi sauri, ragon miji. Kakanka bai taɓa sa ni aikin direba ba."

Ko dutse ɗaya babu a wurin. Na jawo tayar canji na kwantar da ita bayan ta gaba, na tura mata ƙasa da hannu. Sai da na tara ƙasa bayan sauran tayoyin, na miƙe kirik, sannan na zaro ta na canja.

Motocin yanzu sai dai a danna maɓalli, ba mai yawo da itace. Mu ma da tsohon ya rasu, yayana ya ɗauke nasa ya mai da shi kujerar shan shayi.

Muna isa na tura masa saƙo: "Yaya, mun sauka, Iya lafiya. Itacen Baba Tsoho da kake zama a kai, ka tashi. Gobe zai koma mota."