Ranar da Wayata ta Tafi Sakkwato ta Bar Ni a Mafara

Shekarun baya, lokacin da aka katse layukan waya a jiharmu saboda matsalar tsaro, wani abu ya faru da ni wanda ban taɓa ba ku labarinsa ba. Yanzu da 'yata ta girma, ita da kanta ta ce in faɗa, to bari in faɗa.

'Yata ta fari tana da sikila. Tun tana ƙarama likita ya tabbatar mana, ni da mahaifiyarta muka yanke shawarar maganar ta tsaya a ɗakinmu. Mun san garinmu. Yau a tausaya wa yarinya, gobe a riƙa nuna ta da baki a makaranta, jibi a fara yi mata lissafin shekarun da za ta yi a duniya. Saboda haka duk lokacin da ciwon ya tashi, zazzaɓi muke cewa.

Wuri ɗaya kawai nake buɗe baki, wani zauren tattaunawa na intanet na iyayen yara masu irin wannan lalura. Manhaja ce a waya, kowa da sunan da ya laƙaba wa kansa. A nan muke tambayar juna yadda ake yi da sanyin damina, da abincin da ya dace, da abin da za ka ce wa yaro idan ya tambaye ka me ya sa shi kaɗai.

Ni kuma mutum ne mai tsari, wasu ma suna cewa ya yi yawa. Na yi 'yan shekaru ina karanta labarai a gidan rediyo kafin in dawo Talata Mafara in kama koyarwa, kuma aikin ya bar min ɗabi'a guda: idan ka gama magana, ka tabbatar ka rufe abin maganar. Haka nake yi wa zauren. In shiga da kalmar sirri, in karanta, in fita. Kalmar sirrin kuwa doguwa ce, da manyan baƙaƙe da ƙanana da alamomi, ni kaina sai na natsu nake rubuta ta daidai. Ina da hujja. Waya a wurinmu ba ta mutum ɗaya ba ce, kana zaune a majalisa wani zai miƙo hannu ya ce ara min in kira.

Maiɗakina ba ta yarda da wannan tsari ba. Ƙaramar waya gare ta, don haka tawa take karɓa ta karanta zauren, kuma ba ta taɓa fita.

"Kin sake barin shi a buɗe," nakan ce mata.

"Malam, ɗakin da nake shiga safe da yamma, in yi ta sa masa kwaɗo?"

Ranar da aka katse layukan, ita ce ta ƙarshe da ta riƙe wayar. Da na duba, ga zauren a buɗe kamar yadda ta saba bari. Na danna wurin fita, abin ya yi ta juyawa ya ƙi. Ashe fitar ma sai da sabis. Na yi makonni ina danna wurin nan duk safiya, kamar wata rana zai ji tausayina.

Ana cikin wannan hali maiɗakina ta haihu, tana cikin jego kuma ciwon 'yata ya tashi, irin tashin da bai taɓa yi ba. Muka kwanta asibiti, ni ne mai jinya. Likita ya duba idanunta da tafin hannunta, ya aika a gwada jini, sannan ya kira ni gefe. Ya ce jininta ya yi ƙasa ƙwarai, dole a ƙara mata, kuma kada ya wuce gobe. Matsalar ita ce rukunin jininta ba a cika samunsa ba, kuma babu shi a ajiye.

Aka gwada ni, bai dace ba. Na aika Bakura ƙannena suka zo, wani kawunta ya taso daga Damri a kan babur. Na ce musu zazzaɓi ne ya shanye mata jini. Duk aka gwada, babu wanda ya dace. A da, da waya zan ɗauka in kira mutum goma kafin in ajiye. A lokacin kuwa wayar ta koma fitila da agogo.

Da la'asar na leƙa gida in ɗauko abinci. Maiɗakina ta saurare ni har na gama, ta ce, "Ka rubuta a zaure."

"Da wane sabis?"

"Ba ana ba direbobi waya ba?"

Gaskiya ne, haka mutane suka koma yi. Ka rubuta saƙonka ka ba direban Sakkwato wayar. Idan ya kusa shiga birni sabis ya kama, saƙonni su fita, amsoshi su shigo, da yamma ya dawo maka da ita. Ni ba zan iya tafiya ba, don yarinyar ko alwala na fita sai ta yi ta kirana. Direban da na amince ya kula da wayata kuwa ɗaya ne, abokina tun muna firamare.

"Shi?" na ce. "Mutumin da ko akuya ce ta haihu a garin Kaya sai duk tasha ta ji kafin azahar?"

"Shi," in ji ta. "Ka zaɓa, ko tasha ta ji, ko yarinyar ta kwana biyu babu jini."

Na zauna a bakin gado na buɗe manhajar. A nan na ga amfanin abin da na yi makonni ina ƙoƙarin rufewa. Da a ce na fita, shafin neman kalmar sirri kawai zan tarar, kuma abokina, wanda iyakarsa da waya kira da saƙon murya, ba zai taɓa rubuta wannan kalmar tawa daidai ba ko da na rubuta masa a tafin hannu. Amma da yake a ciki muke, manhajar ta bar ni na rubuta saƙon, ta ajiye shi yana jiran sabis. Na faɗi ciwon, na faɗi rukunin jinin, na faɗi garin da muke. Sannan na cire makullin fuskar wayar gaba ɗaya.

Washegari bayan sallar asuba abokina ya biyo ta asibiti. Ya leƙa ya ga yarinyar, muka fito baranda. Na fara yi masa shimfiɗa, cewa akwai al'amuran da iyali ke riƙewa, kuma ba don rashin yarda ba.

"Ɗan rediyo," ya katse ni, "bar kanun labarai, ba ni labarin. Fasinja na jirana."

Na ce masa sikila gare ta, tun tana ƙarama, kuma duk abin da zai gani a wayar a kan haka ne.

Ya sake duban ƙofar ɗakin. Sai ya ce, "Ina zan danna?"

Na nuna masa. Ya sa wayar a aljihun gaba ya maƙale maɓallin, ya tafi.

Wunin nan ya yi min tsawo. Ina yi wa yarinyar fifita, ina ba ta ruwa kaɗan-kaɗan, duk motar da ta tsaya a bakin asibiti sai na leƙa. Ba zan ɓoye ba, ko a wannan hali wani ɓangaren zuciyata yana can tasha yana jin yadda ake juya sunan 'yata. Likita ya zagayo da azahar ya tambaye ni ko an samu. Na ce ana hanya, alhali ban san ko akwai wanda ke hanyar ba.

Bayan la'asar na ji muryar abokina tun daga ƙofa yana gardama da mai gadi. Ya shigo da wani saurayi siriri a bayansa, igiyar awon tela tana rataye a wuyansa, da alama ya manta da ita.

"Ga jininka na kawo," in ji abokina. "A kujerar gaba na ɗauko shi, ban bari ko rami ya girgiza shi ba."

Saurayin ya gaishe ni a ladabce. Ya ce yayarsa ce ta zo shagonsa ta ce ya ajiye ɗinkin ya tashi, akwai yarinya a Mafara. Aka gwada shi, ya dace. Kafin magariba jini ya fara shiga jikin 'yata. Da safe ta ce tana son kunu da ƙosai, ta kuma yi ƙorafin cewa ƙosan ya huce. Ban taɓa jin daɗin ƙorafi kamar wannan ba.

Abin da ya faru a Sakkwato a cikin wayar na same shi, bayan an sallame mu. Saƙona ya fita da hantsi. A ƙarƙashinsa kuma ga saƙon murya da sunana, amma muryar abokina ce, da hayaniyar tasha a bayansa:

"Salamu alaikum jama'a. Ina kwananku, ina gajiya, yaya iyali, yaya ruwa? To madalla. Ni dai ba mai wayar na ba, direba na, abokinai na tun muna yara. Shina can asibiti da ɗiyatai. Abin da ya rubuta gaskiya na, na gan ta da idona. Ina nan tasha, layina ya zo na bar wa wani. Ba ni tashi sai na ji daga gare ku."

Ban ba shi izinin yin magana ba. Da ya tambaye ni ma da na hana. Amma wannan muryar ce ta sa mutane suka san da gaske ne. Wata baiwar Allah ta amsa nan take, ta tambaye shi wace tasha, wace irin mota. Ya ba ta amsa, har da bayanin cewa gilashin baya ya tsage amma injin lafiyarsa lau. Ita ce yayar telan.

Na yi watanni ina jiran maganar ta dawo min daga tasha. Ba ta dawo ba. Har yau abokina yana ba da labarin kowa, ciki har da nawa, yadda na taɓa faɗawa kwatar ruwa a Bakolori ina nuna wa baƙi gonar shinkafa. Amma wannan ɗaya bai taɓa fita daga bakinsa ba, kuma ko ni bai sake tayar min da shi ba.

Da aka dawo da layukan waya, telan ya ba mu lambar yayarsa, muka kira ni da maiɗakina. Bayan doguwar gaisuwa da godiya, na tambaye ta abin da ya daɗe yana raina: yaya aka yi ta ga saƙon da wuri haka?

"Ai ni ba na fita," in ji ta. "In dai kana ciki, ko wayar na cikin jaka za ta yi ƙara."

Maiɗakina ta kalle ni, na kalli bango. Na tambayi matar yaya jikin nata yaron.

Ta ce, "Allah Ya karɓi abinsa, an kwana biyu. Shi ma jini muka nema. Na rubuta a zauren da rana, amma sai washegari mutane suka shiga suka gani. Sun amsa da yawa, wallahi sun amsa, har da masu irin jinin. Lokaci ne ya riga ya yi. To tun daga ranar na ce ni dai zan zauna a ciki."

Muka yi mata ta'aziyyar da ta makara da shekaru. Ita ce ma ta riƙa ba mu haƙuri.

Idan na tuna wannan lamari, godiya ce ke fara zuwa min, ga Allah, sannan ga mutanen da kowannensu ya yi abin da tsarina bai tanada ba. Har gobe ina gaya wa ɗalibaina su fita daga shafukansu idan sun ari wayar wani, kuma shawara ce mai kyau. Sai dai a wancan zauren ban ƙara fita ba. Wayar takan yi ƙara ina cin abinci, ko ina tsakiyar duba aikin ɗalibai. Yawanci gaisuwar Juma'a ce, ko wata uwa tana tambayar ko zoɓo yana da illa. Duk da haka ina ajiye abin da ke hannuna in duba.