Mota Mai Lamba Ɗari Huɗu da Ashirin da Shida

Duk direban da ya yi lodi a tashar Kawo wajajen 1978 ya san Malam Maliki na Abakpa, mutumin da ba ya tafiya ko'ina amma ba ya fashin zuwa tasha ranar Lahadi. Zai jingine kekensa, ya yi sallama, ya roƙi a buɗe masa bonet. Sai ya goge wani ɗan farantin ƙarfe da ke gefen inji da babban yatsa, ya karanta lambar jikin motar.

"Wannan ta girme waccan da kamar wata biyu," zai ce. "Lambobin ƙarshe kuke dubawa. Yadda suka fito daga layin harhaɗawa a kamfani, haka suke bin juna."

Direbobi suka sa masa suna Ungozoman Mota. Har musu ake kawo masa, wai motar wane ce yaya, ta wane ce ƙanwa. Yana murmushi ya raba gardama, amma ba wasa ya kawo shi ba, kuma ba wanda ya taɓa tambayarsa.

Maliki ma'aikaci ne a kamfanin da ke harhaɗa motoci a hayin kogi. Aikinsa ɗaya: ɗaure wani noti da ke riƙe da sandar sitiyari, sannan ya ɗiga masa jan fenti, alamar an gama. Wata Talata a 1976, yana ƙarƙashin mota, aka aiko cewa naƙudar matarsa Hansai ta yi tsanani, an wuce da ita asibiti. Ya ajiye sifana ya fita da gudu. Ko da ya je Allah ya sauke ta lafiya, an sami mace.

Washegari ya dawo, ya tarar lambar motar da ke jiransa tana ƙarewa da 427. Nan gabansa ya faɗi. To, 426 fa? Ya ɗaure notinta ko bai ɗaure ba? Ya matse ƙwaƙwalwarsa, bai tuna komai ba sai muryar ɗan aike. Motar kuwa ta riga ta wuce. Da ya faɗa wa foman a ranar, da an nemo ta cikin awa guda. Amma ga jaririya, ga ragon suna, ga tsoron kora. Sai ya ja bakinsa ya yi shiru. Shirun nan ne ya ci shi, fiye da notin.

Tun daga nan, in ya ji an yi haɗari a hanyar Zariya, tuwo ba ya shiga. Ya ga 425 a hannun wani akawu a sakatariya. Ya ga 429 tana jigilar Kano. Maƙwabtanta duk sun bayyana, ita ce dai ta ƙi. Hansai ta gaji da mita. Yarinyar, Safara'u, ta fara tafiya ran wata Lahadi, shi yana tasha kansa cikin inji.

Sai a damunar 1979 wani direba mai suna Yahaya ya shigo daga Katabu da wata farar mota da ta sha wuya, fasinja bakwai a ciki har da mai goyo. Maliki ya goge farantin. Ya sake gogewa. Lambar tana ƙarewa da 426.

"Malam Yahaya, don girman Allah sauke mutanen nan."

"Lafiya, Ungozoma? Sauri muke yi."

"Minti biyar kawai na roƙe ka."

Ya zaro sifanar da ta shekara uku a aljihunsa, ya kwanta cikin caɓi da farar rigarsa, ya kutsa ƙarƙashin motar. Ya kankare laka da farce. Ya kama notin ya ja da iya ƙarfinsa, ko motsi bai yi ba. A gefensa ga ɗigon jan fenti ya koɗe, da ɗan jan wutsiya zuwa hagu, yadda shi kaɗai yake yi a layin. Ashe hannunsa ya gama aikin tun kafin hankalinsa ya tashi.

Ya daɗe a kwance. Daɗi ya zo masa, amma da baƙin ciki a bayansa, don a nan ya lissafa ranakun Lahadin da ya zubar.

"Malam Maliki, me ka gani ne?" in ji Yahaya, yana leƙe.

"Ba komai. Lafiyarta ƙalau. Allah ya kiyaye hanya."

Lahadin da ta biyo bai taɓa keke ba. Ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida ya zauna, bai ma san me ake yi da hantsin Lahadi ba. Safara'u ta tsaya a bayan turmi tana kallonsa, ta ƙi matsowa. Can ta ja zanin uwarta.

"Inna, yau Baba ba shi da lafiya ne?"

Hansai ta dube shi. Maliki ya miƙa hannu biyu, ya bar su a miƙe, har yarinyar ta gama shawara ta taho.