Shirun da na yi a gaban likita

Shekara bakwai ke nan cif da rasuwar mahaifina, Malam Idi mai mazarƙwaila na Kudan. Har yau in na bi hanyar Makarfi lokacin matsar rake, ƙamshin dahuwa ya bugi hancina, sai in tsaya ina duba fuskokin masu juya tukunya, kamar zan gan shi a cikinsu da hularsa a karkace. Kewarsa ba ta ragu ba, sabawa kawai na yi da ita.

Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kirana da komai ba sai Uwata. Wataƙila shi ya sa ya riƙe ni da sirrinsa: yana da ciwon suga. Ya ce in aka ji mai sayar da zaƙi na da suga, kasuwa ta samu abin tsokana, masu neman auren ƙannena kuma za su fara cewa abin gado ne. Na yi masa alkawarin ba mai ji. Ni nake sayo masa magani a Ikara, inda nake koyarwa, har da wata ƙwaya ta tsinka jini da aka rubuta masa. Kada ku ɗauka yana kiyaye baki. Kowace tukunya sai ya ɗanɗana, in na harare shi ya ce aiki ne, ba kwaɗayi ba.

Wata Talata da hantsi, ina gida hutu, ludayi ya suɓuce masa, bakinsa ya karkace, magana ta ƙi fita. Wansa, Baffa Sale, ya nemo mota muka nufi Zariya. Bayan hoton kai, likita ya ce gudan jini ne ya toshe jijiya, mun zo da wuri, akwai allurar da ke narkar da shi, amma takan jawo zubar jini. Sai ya tambaya ko yana da wani ciwo, ko yana shan wani magani.

Baffa ya ce, "Lafiyarsa ƙalau, likita. Ko maganin ciwon kai ba ya sha."

Ina tsaye a bayansa. A gidanmu 'ya ba ta gyara wa baffanta zance a gaban baƙo, ga alkawari, ga idon Baba a kaina. Na yi shiru.

Sun auna sugan, sun ga ya hau, suka saukar da shi, aka yi allurar. Kafin la'asar ya motsa yatsunsa, har ya iya cewa Uwata, muka yi ta hamdala. Daga nan sai ciwon kai, sai amai. Jini ya ɓalle a ƙwaƙwalwarsa. Washegari da azahar ya cika.

Daga baya na tambayi wata likita. Ta ce wanda ya daɗe da suga ya fi fuskantar wannan haɗari, balle ga ƙwayar tsinka jini. Da an sani, wataƙila a fasa allurar, wataƙila kuma ciwon ya tafi da shi duk da haka. Na yi imani kwana ne ya ƙare. Amma imanin bai hana ni komawa ɗakin nan a zuciyata ba, ina buɗe bakin da ban buɗe ba.

Yanzu a Makarfi dattawa ke miƙa yatsa a kemis a huda don awon suga, su fito suna gaya wa juna abin da na'ura ta nuna, kamar labarin damina. Nakan tambayi kaina me Baba zai ce. Na san zai fara da cewa kunya ta ƙare a duniya, bayan mako biyu kuma a gan shi a layi yana musu da mai awon. Ina so in ga wannan, ko da sau ɗaya.

A Sallar da ta wuce na kasa riƙewa, na durƙusa gaban Baffa na gaya masa komai. Ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce, "Ni na raka shi ranar da aka gano ciwon. Ni ma ya sa na yi masa alkawari. Shekara bakwai ina ganin ni kaɗai na cuci ƙanena."

Ban taɓa ganin hawayen Baffa ba sai ranar. Ashe mu biyu muka tsaya a gaban likita, kowa na tsare mutuncin mutum ɗaya, kowa na ɓoye wa ɗan'uwansa.

Gonar rake an raba, tukwanen suna hannun wasu. Abin da ya rage na Baba shi ne irin son da ya sa muka kasa saɓa masa, ko a inda saɓawar ce taimako. Allah ya jiƙansa, ya yafe mana.

Da zan tashi Baffa ya kira ni. Ya ce, "In tawa jinyar ta zo, likita ya tambaya, ki yi magana ko ina ji. Na yafe miki kunyar."