Audu Bakwai a Unguwar Mansur

Assalatun fari motarmu ta bar Zariya, inna na ta jaddada mini: «Ka nemo mini ƙanena Audu marini, in san ko yana raye.» Ta ba ni ƙullin daddawa in kai masa. Shekararsa ashirin da biyar a Makka, ko wasiƙa babu.

Tun da na je neman hutu a ofishin jirgin ƙasa, maigidana Mista Jones ya yi mini dariya da ya ji zan nemo wani Audu a Makka. Ya ce a ƙasarsu Wales rabin gari Jones ne, har da mawaƙa da 'yan ƙwallo da limaman coci, sai da sana'a ake rarrabe su. Na ce ai mu ma haka muke, abin ba wuya. Ashe ban san komai ba.

Hanyar Chadi ta karya mana ƙugu. A Sudan muka hau jirgin ƙasa, muka ci kisira, wainarsu ta dawa, har ta gundure mu, sannan jirgin ruwa ya kai mu Jidda, ni ina kwance ina amai.

Bayan mun sauko daga Mina na shiga unguwar Mansur, inda mutanenmu suke, ina cigiya. Wallahi Audu bakwai aka nuna mini. Mai tsire, mai ɗinki, mai ɗaukar kaya, ga wani da Hausarsa ta koma rabi Larabci. Kowa sai ya zaunar da ni, ya dafa shayi, ya tambayi damina. Marini dai babu, don garin ko marina ban gani ba.

Na bakwai, wani dattijo mai sayar da tasbaha, shi ya gane wanda nake nema da jin sunan unguwarmu ta Zariya. Ya ce, «Ɗana, takwarana ya rasu bara waccan. Ba shi da kowa, sai mu masu sunansa muka yi masa wanka, muka kai shi Harami aka sallace shi.» Na yi kuka sosai, na raba musu daddawar.

Duk hanyar dawowa ina fargabar yadda zan gaya wa inna, amma na koyi cewa takwara ma ɗan'uwa ne. Da na faɗa mata, ta daɗe tana share hawaye, sannan ta tambaya, «A Harami?» Na ce a Harami. Ta ce, «To alhamdulillahi. Ni da nake tausayinsa, ashe ya fi ni dacewa.»