Mai Kiran Ranar Lahadi

Shekarun baya can, lokacin da tarho a falo abin nunawa ne a Kafanchan, na fara aikin koyarwa, wayewa ta hau mini kai. Na sayo wa iyayena na'urar ɗaukar saƙo daga Kaduna, irin mai ɗan kaset a ciki, wai don kada kira ya wuce su in suna gona.

Mahaifina, tsohon ma'aikacin reluwe, ya dube ta ya ce shi ba zai gaida akwati ba. Aka bar ni da mahaifiyata. Na ce ta faɗa kawai, "Ba ma gida, a bar saƙo."

"Haka kawai, ba gaisuwa? Wa ya haife ka?"

Na danna, ta fara: ina kwana, yaya iyali, yaya gajiya, yaya masu jiki. Ba ta kai rabi ba na'ura ta katse ta. "Wannan abu ba shi da tarbiyya," in ji ta. Da ƙyar muka daidaita a kan gaisuwa uku.

Ba a jima ba muka lura da wani abu. Duk Lahadi in mun dawo coci, sai mu tarar da saƙo, amma ba magana. Shiru, sai gyaran murya, sai a ajiye. Ni sarkin ilimi na ce layi ne, na kwance wayoyi na ɗaura, saura kaɗan in kashe tarhon gaba ɗaya. Mama dai sai ta riƙa cewa in sake kunna mata.

Ina da yaya da ya daɗe da barin gida. Ya ajiye karatu ya ce kanikanci zai koya a Legas, Baba ya ce in ya fita kada ya dawo. Baba kuwa magana ɗaya yake yi, ko sunansa ba a kira a gabansa. Ashe shi ne ke kira a lokacin da ya san duk muna sujada, don ya ji muryar Mama ba tare da ya ci karo da Baba ba. Wannan gyaran muryar kuwa ta Baba ce sak, gado ya yi.

Wata Asabar Baba ya kira ni. "Zo ka danna mini abin nan."

Ya miƙe tsaye, ya gyara murya. "Ba mu nan, mun tafi sujada. In kai ne, ɗakinka yana nan, ban ba kowa ba. Citta ta nuna a gona, ni kuma bayana ya gaji."

Ko gaisuwa ɗaya babu, amma Mama ba ta yi ƙorafi ba.

Washegari muka dawo coci, na kunna na'urar. Shirun ya yi tsawo, har na fid da rai. Can sai muka ji, "Baba... ina wuni."

"Lafiya lau," in ji Baba. "Yaya aiki?"

Da yayana aka tone cittar shekarar. Na'urar ta daɗe da mutuwa, amma har yau in na tuna Baba tsaye da kayan coci yana amsa gaisuwar akwati, dariya nake farawa, kafin in gama idona ya cika.