Autan Mai Makulli, Mu Muka Kashe Ka

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, tara ga watan Maris, da rana tsaka, Auta ya cika a bakin kwatar layinmu. Shekarunsa sha shida.

Auta, ni ce mai ɗinkin da ke kallon shagon babanka. A gabana ka koyi sana'arsa ta gyaran makulli, har ka fi shi laushin hannu. Duk wanda makullinsa ya ɓata, kai yake nema. Ka durƙusa da 'yar wayarka ta ƙarfe, ka kara kunne jikin kwaɗo, sai mu ji ƙaras. Sau uku ka buɗe min shagona, kana tsokanata: "Goggo, ki ɗinke makullin nan a zaninki mana." Muna dariya, muna sa wa hannunka albarka.

Sai aka kwashe kayan mai sayar da waya, ba a fasa ƙofa ba, ba a karya kwaɗo ba. Nan take aka ce wa zai iya in ba kai ba. Kwana tara ka yi a hannun 'yan sanda, ka fito da haƙori biyu a karye, ba a same ka da komai ba. Amma zato zunubi, mu kuwa muka rungume shi. Aka daina amsa gaisuwarka. Uwaye suka janye 'ya'yansu. Ni ma na sake kwaɗo, na saya a wata unguwa don kada ka san irinsa. Ka gani, ka gaishe ni, ka wuce. Kunyar wannan za ta bi ni kabari.

Ran Talatar, jikokin wata tsohuwa da ke gidan kan kwanar layinmu sun kulle ta sun tafi kasuwa, don takan fita ta ɓata. Ta faɗi a ɗaki, ka ji nishinta, ka durƙusa a ƙofar. Wani ya hango ka ya kwarma ihun ɓarawo. Kafin in ajiye almakashi, mutanen layi sun rufe ka da katako da bulo. Mahaucin da ka taɓa buɗe wa akwati shi ya fasa maka kai. Jini na zuba ta bakinka kana cewa, "Iya ce a ciki, ku saurara!" Ba wanda ya saurara. Sun ja ka a ƙasa har kwata, ina tsaye ina kallo.

Da la'asar aka sare ƙofar da gatari, aka sami tsohuwa da karaya a ƙugu. Abin da ta fara tambaya shi ne, "Ina yaron da ya ce in yi haƙuri, yanzu zai buɗe?"

Allah ya jiƙanka, Auta, ya haskaka kabarinka, ya bi maka hakkinka, ko da a kaina ne. Allah ya ba babanka da mahaifiyarka da yayyenka haƙurin da ba mu da bakin ba su. Amin.