Bindigar da Ta Yi Barci

Shekara arba'in da ɗaya ina gyaran bindiga a Hinosawa. In aka tambaye ni aikin da ya fi kowanne kyau da ya taɓa fita daga hannuna, ba sai na tsaya tunani ba, bindigar Tomezo Narita ce. In kuma aka tambaye ni abin da ya fi ƙona mini rai, ita ce dai.

Tomezo ɗan kora ne. In an fita farautar beyar, masu bindiga su hau tudu su laɓe, 'yan kora su biyo kwari daga ƙasa suna ihu har su turo dabbar gabansu. Yana ɗan shekara sha shida ya shiga wannan aiki, kuma ba a taɓa yin murya irin tasa a garinmu ba. In ya ce "Hoooi, hoi!" sai ka ga dusar ƙanƙara na zubowa daga rassa. Ba ƙarfin kaɗai ba ne. Ya san inda zai ɗaga murya da inda zai yi tsit, ya juya beyar hagu ko dama kamar mai kora akuya gida.

Bindiga kuwa bai samu riƙewa da wuri ba. Ubansa ya mutu ya bar masa ƙanne huɗu, kowane lokacin sanyi yana Tokyo yana ɗaukar siminti, har kafaɗarsa ta dama ta sunkuya. Sai da ya kai hamsin da biyu ya sayi 'yar bindigar harbin zomo da agwagwa. Doka kuma ta ce sai ka shekara goma da irin wannan kafin a ba ka izinin babbar bindiga. Ya yi goman nan cif, bai yi ƙorafi ko sau ɗaya ba.

Ranar da izinin ya fito, ya shigo shagona da wata tsohuwar bindiga da ya saya a hannun wani maharbi da ido ya gaza masa. Ya ɗora ta a kan tebur kamar mai ajiye jariri.

Na ce, "Yaya Tomezo, wannan ai kakata ta girme ta da kaɗan ne."

Ya ce, "Shi ya sa na kawo wa jikanta. Ka ji, Sadao, guda ɗaya zan yi a rayuwata. Ina so ta yi wa beyar, ta yi wa barewa, ta yi wa aladun dajin nan da suka fara shigo mana gonaki."

"Uku a baki ɗaya? Mata uku ma ba sa yarda da tukunya ɗaya."

"Kai dai cika baki kake a gidan giya, ka ce babu irinka daga nan har teku. To ga fili."

Wata takwas na yi a kanta. Na cire tsohon bututun da tsatsa ta cinye cikinsa, na sa sabo wanda zai karɓi harsashin jan ƙarfe, marar nauyi don barewa daga nesa, mai nauyi don beyar a kusa. Na rage tsawonsa yadda ba zai riƙa kama rassa ba. Gindin bindigar kuwa sabo na sassaƙa, na karkatar da shi daidai da karkatacciyar kafaɗarsa. Sau sha ɗaya yana zuwa awo, ina shafa masa alli a kunci, ya ɗora, in kankare inda allin ya taɓa. Na faɗaɗa gidan kunama don yatsa mai safar hannu ya shiga. Na ɗora mata madubin da ake murɗawa, ya ga ƙudan da ke kan kunnen barewa a ƙetaren kwari, a murɗo shi baya kuma ya ga beyar da ke taku ashirin. Kowane canji sai mun kai ofishin 'yan sanda an auna an buga hatimi. Ni na gwada ta a filin gwaji kafin in miƙa masa: harsashi biyar, rami ɗaya da za ka rufe da babban yatsa.

Na ce ya zo ya harba ko sau ɗaya ne, ya ji ta. Ya ƙi.

"Ba na harbin takarda. Maganarta ta fari a hannuna a kan beyar za ta yi, a gaban Uwar Dutse da maharba ke bauta wa, a gaban jama'a."

Taurin kai ke nan, kuma na faɗa masa. Amma wa zai ce mutumin da ya kora beyar shekara arba'in da shida zai rasa rana ɗaya ta tsayawa a kan tudu?

To ga Isamu, shugaban farautarmu, wanda shi ke raba wa kowa wurin tsayuwa. Bazarar farko ya ce, "Yaya Tome, bana ƙanƙara ta yi zurfi, ba mai iya ratsa kwarin nan sai kai. Baɗi." Tomezo ya rataya bindigata a baya cikin jaka, ya shiga kwari yana ihu. Bazara ta biyu sai ga surukin Isamu daga birni da sabuwar riga mai ruwan lemo, aka ba shi tudu, wai baƙo ne. Tomezo ya koro masa beyar har gaban hanci, ya harba sau uku, ya kashe itace.

Kullum hujjar Isamu ɗaya ce: "Ai rabo ɗaya muke yi. Mai kora da mai harbi, tsoka daidai." Gaskiya ne, haka al'adar take. Amma nama ake rabawa daidai, suna ba a raba shi. In an zauna kan miyar beyar da giyar shinkafa, ba wanda ke cewa wane ya yi ihu mai kyau. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Cikin shekara ta uku aka kira Tomezo duba bindiga. Jami'in ya buɗe takardar harsasai ya ga fari fat.

Ya ce, "Baba, bindigarka barci take yi. Wadda ta shekara uku ba a yi aiki da ita ba, ana iya janye izininta. Naka zai ƙare ranar haihuwarka, sha biyu ga Mayu."

Ban ga laifin yaron ba, abin da ke rubuce ya karanta. 'Yan'uwanmu maharba suka ce wa Tomezo ya shiga daji ya harba biyu a cikin ƙanƙara, ya rubuta cewa ya kuskure barewa. Ya dube su kamar sun ce ya yi fitsari a wurin bauta. Ya ce ba a yi wa dutse ƙarya.

Ni kuwa na rufe shago da rana tsaka na nufi gidan Isamu. Na same shi yana yanka busasshen radish, wata farar saiwa mai kama da karas.

Na ce, "Isamu, beyar nawa ka kashe?"

"Saba'in da wani abu. Zauna mana."

"Ba zama ya kawo ni ba. Cikin saba'in ɗin, nawa ne suka zo gabanka da ƙafarsu don suna son ganin fuskarka?"

Ya ajiye wuƙa. "Haba Maƙeri. In na ɗauke shi daga kwari, wa zai yi kora? Yaran nan muryarsu kamar ta kyanwa."

"Au, ashe ka sani! Shekara arba'in kana cin maƙogwaron mutum, rana ɗaya ta gagare ka? To ka ji, in bai hau tudu bana ba, kada ka ƙara kawo mini ko ƙusa in ɗaure maka."

Farauta ɗaya ta rage a bazarar, ranar uku ga Mayu. Isamu ya ba shi tudu, kuma in faɗi gaskiya, wuri mai kyau ya ba shi, mashigar da ke ƙarƙashin wani tsohon itace da tsawa ta raba. Matar Tomezo, Kiyo, ta ce ranar bai iya cin tuwon shinkafarsa ba, sai ya cusa shi a aljihu. Ni ba maharbi ba ne, amma na bi su, na tsuguna a bayansa.

Muka yi kusan awa biyu. Can ƙasa 'yan kora na ta ƙyas-ƙyas, ina ganin wuyan Tomezo na motsi, yana gunaguni: "Ba nan ba, wawaye. Ku yi shiru yanzu. Yanzu ku ɗaga." Sai ga shi. Baƙi wuluk a kan farar ƙanƙara, ƙato, farin wata a ƙirjinsa, taku arba'in tsakaninmu. Tomezo ya ɗaga bindiga, ta zauna a kafaɗarsa kamar da ita aka haife shi.

Sai beyar ya tsaya, ya shinshina iska, ya fara juyawa zai koma kwari.

"HOOOI, HOI!"

Dutsen ya amsa gaba ɗaya. Kafin in gane daga bakin wa ta fito, beyar ya yi tsalle ya karkata dama, ya bi gefen tudu a guje, daidai inda ɗan kora nagari zai so ya bi. Minti bai cika ba muka ji harbi ɗaya daga wurin Isamu.

Tomezo na tsaye, yatsa a kan kunama, baki buɗe. Ya dube ni ya ce, "Sadao, zai koma baya ne. Ba a barin shi ya koma baya."

Sabo turken wawa, in ji mutane. Amma wa ya kafa turken? Na yi kuka a kan tudun nan, kukan haushi, ba na kunyar faɗa. Da yamma aka raba nama daidai wa daida, Isamu na ba da labarin yadda ya harbe beyar a guje.

Ran sha biyu ga wata Tomezo ya kawo bindigar shagona, don mai shago ne ke karɓar wadda izininta ya faɗi. Ya goge ta tas. Ba a yi sati ba sai ga Isamu, yana sosa ƙeya, wai ko za a sayar masa. Na nuna masa ƙofa, na raka shi da maganganun da ba zan rubuta ba.

Washegari Tomezo ya zo, ya zauna a kujerar da yake zama lokacin awo.

Ya ce, "Na ji ka kori Isamu."

"Gara in sa zarto in yanka ta uku."

"Sayar masa."

"Yaya Tomezo, ka san abin da kake faɗa? Gindin nan da kafaɗarka aka auna shi. Ba zai zauna wa kowa ba."

"Ka kankare masa. Ai ka iya." Ya daɗe yana kallon ta a jikin bango, sannan ya ce, "Baɗi ina kwari. Ni zan koro mata. Ko daga nesa ne, ina so in ji muryarta."